A Ce da Hajiya Kogi Zai Juyo

Yanzu idan mijin 'yata ya zo gidanmu, kujerar da ke kusa da tawa yake zama. Yakan miƙe ƙafa, ya ci abincinsa a gabana, har ya ɗaga murya ya tambayi uwar matarsa ko da sauran yaji. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Sai dai nakan dube shi in tuna cewa ni na haura shekara ashirin da aure ban taɓa ganin fuskar surukata sosai ba. Na san zannuwanta, na san takalmanta, na san tarinta. Da za a jera tsofaffi a ce in nuna ta, ƙafafu zan tsaya dubawa.

Haka muka taso, kuma abin bai taɓa yi mini nauyi ba. A Alƙahira, inda na yi karatu, uwar mata abin barkwanci ce, da wuya a tashi hira a gidan shayi ba a taɓa ta ba. A Jamus na ga abokin aikina yana kiran tasa da sunanta tsura, suna shan taba tare a baranda. Na koyi harsunan mutanen nan, na ci abincinsu, na yi dariyar barkwancinsu. Amma in na je gida hutu, tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bayan labule in gaida Hajiya, ita kuma ta amsa tana fuskantar bango.

Da mijinta ya rasu, gwiwoyinta kuma suka soma gardama, maiɗakina ta ɗauko ta daga ƙauyensu da ke arewa da Daura ta kawo ta wurinmu a Woodbridge, kusa da Washington a Amurka, don a duba ta. A lokacin ina aikin fassara da karanta labarai a gidan rediyo, in bi jirgin ƙasa zuwa Washington da safe in dawo bayan la'asar. Maiɗakina nas ce a asibiti. Gidan da muka koma saboda zuwan Hajiya a kan gangare yake. Ƙofar gaba tana daidai da titi, a sama. In ka zagaya ka gangara, akwai wata ƙofar da ke shiga ɗakin ƙasa, tana kallon ciyawa da wani rafi mai tafiya a hankali zuwa kogin Potomac. Ranar da dillaliyar gidaje ta nuna mana ɗakin, ta ce a ƙasar nan ɗakin suruka ake kiran irinsa, ta yi dariya. Ni ban yi dariya ba. Saboda ƙofofin nan biyu na zaɓi gidan.

Hajiya ta zauna a ƙasa, ni a sama, kowa da hanyarsa. Ta mai da farfajiyar baya gona: yakuwa, kuɓewa, 'yar rama, da tattasai a cikin tsofaffin bokitan fenti. In ina da magana, maiɗakina ke kaiwa, ko 'yarmu kafin ta tafi jami'a. In babu kowa a gida, akwai dabarar da muka samo ba tare da mun shirya ba. Nakan tsaya a gefen ƙofarta, inda ba ta ganina, in ce, "A gaida Hajiya, a tambaye ta ya gwiwa." Daga ciki sai ta ce, "A ce masa da sauƙi, a ce an gode." Babu kowa a tsakaninmu sai iska, amma saƙo bai taɓa ɓata ba.

A wani watan Satumba talabijin ta soma nuna wani farin abu yana juyawa a tsakiyar teku, kamar nono ana dama shi a ƙwarya. Kullum sai ya ɗan matso. Na daɗe ina karanta labarin mahaukaciyar guguwa ga masu saurare a gida, amma kullum ta wasu ce, mutanen tsibirai masu nisa. Wannan karon da mai hasashen yanayi ya ɗora yatsa a kan taswira, kan koginmu ya ɗora.

Shaguna suka cika. Burodi ya ƙare, madara ta ƙare, batir ya ƙare. Babban tsoron maƙwabtana shi ne a ɗauke wuta, ni kuwa ina tura keken zuba sayayya a tsakaninsu ina murmushi, don da fitilar ƙwai na yi karatun jarrabawa. Na sayi kyandir da ashana, na cika bahon wanka da ruwa, na ga kamar na gama shiri. Sai daga baya na fahimci abin da ake ta nanatawa. Ba ruwan sama ba ne abin gudu a unguwarmu. Iskar za ta turo teku cikin kogi, kogi ya turo rafi, ruwan da ya saba tafiya ya juyo ya dawo mana.

Ana gobe guguwa za ta iso, gari ya yi wani irin kyau da ban taɓa gani ba. Sama ta yi garau da safe, da yamma ta koma ruwan ƙwai, hasken ya kwanta a kan bangaye kamar an shafa man shanu. Ganye ko ɗaya ba ya motsi. Fararen tsuntsayen teku suka sauka a filin ajiye motoci na babban kanti, suka tsaya cirko-cirko suna fuskantar waje guda. Daga nesa ana jin guduma, wani tsohon maƙwabcinmu yana rufe tagoginsa da katako, ya kuma ɗaure ƙaramin kwalekwalensa a jikin bishiya. Na tsaya a ƙofar gida na daɗe, ina jin kamar an rage wa duniya murya.

A yammacin nan aka kira maiɗakina daga asibiti, aka ce ta zo da kayan kwana, ba a san ranar da za a sallame su ba. Kafin ta fita ta sauka wurin uwarta. Na ji muryoyinsu ta ƙarƙashin ƙafata, tata tana hawa, ta Hajiya ba ta motsa daga inda take ba. Wani abokina injiniya, Bazazzagi, ya riga ya buga waya daga Wheaton, arewa da Washington, ya ce gidansa a kan tudu yake, matarsa ta gyara wa Hajiya ɗaki. Maiɗakina ta hawo tana ɗaura ɗankwali da ƙarfi.

"Ta ce ba inda za ta. Sai ka san yadda za ka yi da ita."

Na ce, "Ni?"

"Kai ɗin. Ba kai ne mai harsuna barkatai ba? Ka zaɓi ɗaya ka yi mata."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Aka bar ni da Hajiya da rafi.

Da gari ya waye an dakatar da jiragen ƙasa, an rufe ofisoshi, abokan aikina na kusa suka riƙe mini aikin. Sama ta sauko ƙasa-ƙasa, gajimare suna gudu ba ƙara. An ce a kwashe duk abin da iska za ta iya ɗauka, don haka na zagaya baya in shigar da kujeru. Sai na tarar Hajiya ta jera kwanoni a kan ciyawa: baho, bokitai, tukunyar tuwo, har da kwanon sha. Ruwan sama take jira. Tun zuwanta ba ta yarda da ruwan famfon ƙasar nan ba, ta ce warin magani yake yi, ba ya jiƙa tsamiya yadda ya kamata.

Na kwashe su na kai ɗakin ajiya. Na koma gaba na ɗaure kwandon shara. Da na dawo, suna nan a jere kamar ba a taɓa su ba, har an ƙara buta.

Na tsaya a gefen ƙofa. "A gaida Hajiya. A ce mata iskar da ke tafe za ta ɗauki kwanonin nan ta jefa wa mutane a taga."

"A ce masa a sa dutse a ciki."

Ina neman duwatsu ke nan wata 'yar sanda ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba, rigar ruwanta tana kaɗawa. Ta ce duk masu ɗakin ƙasa a bakin rafin nan ana ba su shawara su tashi kafin yamma. Ba za ta tilasta wa kowa ba, amma in ruwa ya shigo, ba ta yi alkawarin akwai mai zuwa ba. Ta faɗa a hankali, ta wuce gida na gaba.

Na sake gangarawa. Na yi wa iska bayani dalla-dalla, yadda nake yi a gaban makirfo: teku, kogi, rafi, ƙofar ɗakinta da ba ta fi taku kaɗan daga ciyawa ba. Na ce ko dai mu tafi Wheaton, ko a ƙalla ta hau sama.

Na ji ƙarar carbi daga ciki.

"A ce masa," in ji ta, "na taɓa gudu sau ɗaya a rayuwata. Shekarar fari ce. Muka bar gari da goyo da ƙwarya, shanu suna faɗuwa a hanya. Kullum ina duban gabas ko hadari zai taso, har wuyana ya ƙage. Yanzu Allah ya aiko ruwa har ƙofar ɗakina, a ce in guje masa? Da wane ido zan dubi mutanen garinmu?"

A Jamus na ga kogi ya cika ya shiga gari, mutane suna fitowa da sandar awo suna rubuta inda ya kai, suna kwashe kaya ba hayaniya, kamar baƙo ne da aka san ranar zuwansa. A Hartum na ga gidajen laka sun narke, masu su suna zaune a kan gadajen igiya suna shan shayi. Amma a wurinmu ruwa abin roƙo ne, ana fita fili a juya riga a yi salla saboda shi. Ni kaina, can cikin ƙirjina, wani abu yana murna da wannan hadarin.

Na ce, "A ce mata wannan ba ruwan shuka ba ne. Ruwan gishiri ne, ko yakuwar ba zai bari ba."

Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa har sai da na matsa kusa da bango.

"A tambaye shi, wa zai hau da ni motar?"

Nan na gane. Motata doguwa ce. Duk ranar zuwa asibiti, 'yarta ce ke ɗaga mata ƙafa ta tallabe ta ta baya, ni kuwa ina can gaban gida ina duban itatuwa har sai an rufe ƙofa. Matakalar cikin gida kuma ta fi ƙarfin gwiwarta in ba a riƙe ta ba. Matan maƙwabta duk sun tafi. Ko ta ina aka bi, hannuna ne. Tsohuwar nan ta gwammace rafi ya same ta a kan gadonta da mijin 'yarta ya taɓa ta.

Na san abin da littattafai suka ce. Na karanta a Alƙahira cewa uwar matarka kamar uwarka take. Ita ma ta sani, ba ta rasa malamai a garinsu ba. Ba fatawa ce ta hana ta ba, fatawa kuma ba za ta tashe ta ba.

Na je na sauko da motar ta kan ciyawa har bakin ƙofarta, na buɗe ƙofar baya. Sannan na kife bahonta a tsakiyar fili, na zauna a kai.

"A ce da Hajiya in tana nan, ina nan."



Yayyafi ya soma, mai ɗumi, yana zuwa a karkace. Na lasa leɓena na ji kamar gishiri-gishiri, ko zuciyata ce ta raya mini. Ruwan yana buga kwanonin, kowane da muryarsa, tukunyar tuwo ta fi kowa kauri, kwanon sha yana ƙara siririya. Dogayen itatuwan bakin rafi suka soma sunkuyawa tare suna miƙewa tare kamar sahun masallata. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na tuna ina yaro muna gudu tsirara a ruwan farko, ƙamshin ƙasa yana tashi, mata suna tara tulu a ƙarƙashin indararo. Na tuna kogin Nilu da magariba, jiragen filafilai suna tafiya kamar masu barci. Rigata ta manne a jikina, hulata ta yi nauyi, amma ban ji sanyi ba, kuma tsoron ma ya lafa.

Sai idona ya faɗa kan rafin. Wani ganye da ke tafiya zuwa kogi ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Ya ɗan juya a wuri ɗaya. Sannan a hankali ya kama hanyar dawowa, wasu ganyen suka biyo shi, da wata robar ruwa, duk suna hawa inda suka fito. Ban taɓa ganin ruwa yana tafiya da baya ba. Ina kallo kamar a mafarki, har na manta abin da ya zaunar da ni.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

"Kai! Tashi daga nan! Furfura a kanka kana wasan ruwa kamar ɗan yaye? So kake ka kwanta ciwo a ce ni na kashe wa 'yata miji?"

Na ɗaga kai kafin in tuna ba a ɗagawa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da zane biyu siraru a kowane kunci, da idanun 'yata sak. Tana dogare da sanda, rediyonta a hammata, ƙullin kayanta a ƙasa. Ashe tuni ta ɗaure shi.

Na ce, "Inna, rafin ya juyo."

Ta duba ta kan kafaɗata, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta ce, "To me kake jira? Tsinko kuɓewar nan tukuna, kar a bar wa gishiri. Ba wannan ba, ta yi ƙarfi. Ta ƙasan. Kai, ba ka taɓa noma ba ne?"

Na tsinko kuɓewa a hulata. Na kwashe kwanoni. Da muka zo bakin mota, ta tsaya, ta naɗe hannunta da gefen mayafi har sau biyu, ta miƙo shi tana duban wani wajen. Na riƙe. Na sa ɗayan hannun na tallabe ta, na ɗaga. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan. Duk shekarun nan ina jin ta kamar dutse a bayan labule.

Muka hau babbar hanya muka nufi arewa. Motoci suna tafiya a hankali, fitilu a kunne da rana tsaka, iska tana ture mu gefe kamar wani yana jingina da motar. Daga kan gada na ga ruwa ya kumbura ya yi launin toka, jiragen shaƙatawa suna rawa a inda aka ɗaure su. Ganyaye kore shar suna tashi suna mannewa a gilashi. Ta zauna a baya, ta ɓangaren da ba nawa ba, ta juya fuska ga taga har na ɗauka an koma gidan jiya.

Can sai ta ce, "Kana saurin magana a rediyo."

"Na'am, Inna?"

"Tun muna gida nake jinka. Kana karanta labari kamar ana bin ka da sanda. Tsofaffi ba sa kama ka. Marigayi yakan ce, wannan yaron ko numfashi ba ya yi." Ta gyara zama. "Amma muryar ba laifi. In maƙwabta suka taru, nakan ce a ƙaro sauti. Ba na cewa komai, su ma sun sani."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta tambaye ni ko gaskiya ne a Jamus rana ba ta faɗuwa sai bayan isha. Ta tambayi abin da Larabawa ke ci da safe. Ta ce gemuna yana son gyara. Ta kwance bakin zane ta ɗebo dabino, ta miƙo ta tsakanin kujeru, wannan karon hannun ba a naɗe ba. Na karɓa na riƙe, ina tunanin inda zan ajiye.

"Ci mana. Tun safe ba ka sa komai a cikinka ba, ina jin takunka."

Na ci, tana kallona.

Mun isa Wheaton ana kiran la'asar a agogon gidan abokina. Matarsa ta fito da lema da gudu za ta sauko da ita, Hajiya ta ce, "Bari, ɗana zai sauke ni." Abokina ya dube ni, na dubi taya.

Guguwar ta wuce a daren, ta bar gari ba wuta, itatuwa a kwance a kan tituna. Da aka buɗe hanya muka koma, maiɗakina tana tare da mu. Ruwa ya shiga ɗakin ƙasa ya haura katifa, ya janye ya bar laka da warin teku. Kwalekwalen maƙwabcinmu yana zaune a tsakiyar yakuwa da guntun igiyarsa. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi layin da ruwa ya bari a bango, ta dubi gadonta. Sai ta juyo ta ce da ni, "Ka ga ɓarnar da aka yi mini?" Maiɗakina ta waiga tana neman wanda ake yi wa magana.

An gyara ɗakin daga baya, amma ba ta koma ba. Ta zauna a sama, a ɗakin 'yarmu, ƙofa ɗaya muke shiga. Wani lokaci nakan yi kewar tsayuwar nan a gefen bango, da yadda kowace kalma ke fita a auna. Amma daga ranar har ta koma Daura, har Allah ya karɓi abinsa, ba mu sake cewa a ce masa ko a ce mata ba. Kai tsaye muke magana, kuma tare muke cin abinci.